Da Wane Kuɗi?

A taron Gilasgo na 2021, Nijeriya ta ɗauki alkawarin kai hayaƙin da take fitarwa matsayin da ba ya ƙara ɗumama duniya nan da 2060. Madalla. To, amma da wane kuɗi? Ƙasashen da suka gina arzikinsu da gawayin kwal sun alkawarta dala biliyan 100 duk shekara tun 2009; ba su cika ba sai 2022, akasarinsa ma bashi ne. Rabon Afirka a hayaƙin duniya bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma ita ake yi wa wa'azin barin gas a ƙarƙashin ƙasa, alhali jiragen Turai na lodinsa a Bonny. Matar da ke hura itace a Gumel fa, da me za ta tuƙa tuwo?