Waiwaye: Me Makarantar Kuɗi Ke Sayar Mana?

Lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, makarantar unguwa ta kowa da kowa ce. Ɗan attajiri da ɗan mai faskare benci guda suke zama. Yara suka yi ta kwarara, malamai suka yi kaɗan, sai aka ɗebo waɗanda ba su gama samun horo ba aka miƙa musu alli. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa maƙalewa wata da watanni, iska ta yaye rufin aji babu mai gyarawa. Masu hali suka janye 'ya'yansu, makarantun kuɗi suka samu kasuwa.

Ba a raina abin da suka kawo ba. Aji ba ya cika maƙil, babu yajin aiki, malami ba ya fashi domin mai makaranta na tsaye a bakin ƙofa tun da sassafe. Da yawa kuma sun haɗa boko da islamiyya har da hadda, abin da ya kwantar wa iyaye hankali ƙwarai.

Sai dai abin da ake nuna wa uba ranar da ya je neman gurbi daban ne: sabon fenti, motar ɗaukar yara, ɗakin kwamfuta, da hotunan bikin yaye 'yan nazare. Ba a kai shi ajin da ke lungu, wanda a da ɗakin kwana ne a gidan haya, taga guda, yara na firfita da littattafansu. Ba a gaya masa malamar ajin da shaidar sakandare kawai take koyarwa, albashinta bai kai ya riƙe ta ba, kafin zango ya ƙare ta ajiye aikin. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya dawo gida yana rattaba Turanci, sakamakonsa ya yi kyau, amma ka ce ya faɗi abin da ya karanta da Hausa sai ya yi zuru. A wasu makarantun ma tara ake cin yaro in ya yi Hausa.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamarenta kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. Makarantun gwamnati kaɗai aka gwada. Malaman makarantun kuɗi kuwa daga kwalejoji da sakandaren nan ɗaya suka fito.

Don haka, iyaye, kafin ku biya kuɗin zangon farko, ku nemi a shigar da ku aji uku ana tsakiyar darasi. Ku buɗe littafin rubutun wani yaro ku ga ko ana duba masa aiki. Ku tambayi malamin ko yana da NCE, da shekarunsa nawa a makarantar. In aka hana ku shiga, ku nemi wata.