Mudu Biyu A Zauren Gwanayen Amurka

'Yan'uwa, ku da kuke kasuwa kun san hukuncin mai awo da mudu biyu, babba in zai saya, ƙarami in zai sayar. To, yau irin wannan awo za mu tona, amma can Amurka, a garin Canton na Jihar Ohio.

A garin nan akwai wani zaure da aka buɗe a 1963, inda ake kafa siffar gwanayen ƙwallon Amurka, watau ƙwallon nan mai kamar ƙwai da ake runguma a ruga da ita. Babban mutum a wasan shi ne kwatabak, madugun da ke tsara yaƙi, ya jefa ƙwallo ga 'yan'uwansa. Wa ke zaɓen masu shiga zauren? Mutum wajen hamsin, yawancinsu 'yan jarida. Sai kashi 80 cikin ɗari sun yarda kafin a buɗe wa mutum ƙofa. Masu biyan kuɗin kallo kuwa nasu ido.

Ga wanda muke yi wa kuka, sunansa Jim Plunkett. An haife shi a 1947 a San Jose, asalin gidansu mutanen Meziko ne. Uwarsa makauniya ce, ubansa ma ido ya gaza, sayar da jarida yake yi. Daga wannan gida yaron ya tashi har ya ci kyautar Heisman a 1970, wadda ake ba gwanin 'yan jami'a duka. A 1971 shi aka fara ɗauka cikin sababbin 'yan wasa. Ƙungiyar da ta ɗauke shi, Patriots, ba ta iya tsare shi ba, ya sha duka har jiki ya gaya masa. Ya koma San Francisco, su kuma suka sallame shi a 1978, kowa ya ce tasa ta ƙare.

Ashe da sauransa. A 1980 madugun Raiders, Dan Pastorini, ya karye a ƙafa, aka ce wa Plunkett tashi. Ya tashi ya ja su har suka ci kofin Super Bowl a Janairun 1981, suka ka da Philadelphia 27 da 10, aka kuma ce shi ne gwanin ranar. A Janairun 1984 ya sake, Washington ta kwashi 38 da 9. Kofi biyu ke nan, amma har yanzu yana bakin ƙofa.

Masu zaɓe suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Sun ce jifarsa ta ci 164 ce, wadda ta faɗa hannun abokan gaba kuwa 198, kuma wasan da ya ci 72, wanda aka ci shi 72. Gaskiya ne. To, a kawo mudun mu auna Joe Namath na New York, wanda aka shigar tun 1985. Jifar ci 173, ta hannun abokan gaba 220, kofi ɗaya tak, na 1969. Ba mu ce a fid da Namath ba, ya cika bakin da ya yi cewa zai ka da Baltimore. Abin da muke tambaya shi ne, in ɓarin ƙwallo bai hana mai kofi ɗaya ba, yaya ya hana mai biyu? Ko don wancan ɗan birni ne da 'yan jarida ke bi da kyamara?

Wasu za su ce ai Eli Manning ma, ɗan gidan ƙwallo, mai kofi biyu, an hana shi a 2025. A lokacin karonsa na fari ne, bai san jira ba tukuna. Plunkett ya bar wasa tun kafin 1990.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne halin mutanen nan na jinkiri. Ken Stabler, wanda ya ci wa Raiders kofi a 1977, ya yi ta jira har ya rasu a 2015, sa'an nan suka shigar da shi a 2016, iyalinsa suka karɓa. Tom Flores, mai horon da ya ci kofuna biyun nan tare da Plunkett, sai 2021 aka tuna da shi, yana da shekara fiye da 80. In aikin ya isa ya shigar da mai horo, to a shigar da wanda ya sha dukan a fili, tun yana da ƙafar zuwa Canton da kansa.