Bashin Zarce Ajiya: Doka Na Nan, Amma Da Wane Harshe?

Daga Sabo ta Ibadan har Mile 12 ta Ikko, duk wanda ke harkar shanu, albasa ko goro ya san ranar da mota ke isowa daga Arewa alhali kuɗinsa na hannun masu ɗaukar kaya bashi. A irin wannan rana ce banki ke yarje wa mutum ya ciri fiye da abin da ke cikin asusunsa. Wasunmu ba sa kusantar wannan bashi saboda gudun riba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. To amma da yawa sun shiga, kuma gidajensu ne ke ji a jika idan aka fara yanka.

Gwamnati ba ta bar bankuna sakaka ba. Babban Bankin Nijeriya yana da jadawalin kuɗaɗen da aka halatta wa banki ya karɓa. A wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, an ce kuɗin kula da bashi kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, kuma sau ɗaya ake karɓarsa. Tarar jinkirin biya ita ma kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata, a kan abin da ya rage ba a biya ba. Alal misali, wanda ake bi naira 500,000 tararsa ta wata ba za ta haura naira 5,000 ba, ban da kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya a kai. Shi kuɗin ruwan kuwa an bar shi ga ciniki tsakanin banki da mai karɓa, kuma a nan gizo ke saƙar, domin wane ciniki mutum zai yi a kan takardar da bai iya karantawa ba?

Mu da muka koyi boko da girma a ajin yaƙi da jahilci mun san wuyar Turancin banki, balle wanda dangwala yatsa kawai ya iya. Tun Agustan 2020 kuma aka fito da tsarin da ke bai wa banki damar bin lambar BVN ya cire bashinsa daga asusun mutum da ke wani bankin daban, har da asusun haɗin gwiwa. Tsarin ya ce uwar kuɗi da ruwanta kaɗai za a cira ta wannan hanya, ban da tara. Mutum nawa ne a zangonmu aka yi wa wannan bayani kafin ya sa hannu?

Ra'ayinmu shi ne, ƙayyade kuɗi bai wadatar ba muddin Turanci kaɗai dokar ke ji. Muna kira ga Babban Banki ya tilasta wa kowane reshe ya manna jadawalin a bango da Hausa, Yarbanci da Ibo, sa'annan ya ƙi amincewa da kowace takardar bashi da ba a karanta wa mai ita a gaban shaidarsa ba. Bahaushen Shagamu ɗan ƙasa ne, ba alfarma yake roƙo ba.

Kafin nan, wanda ya ga an yanke masa kuɗin da bai gane ba, ya nemi takardar bayanin asusunsa, ya kai kuka ga bankin a rubuce, ya riƙe kwafi mai hatimi. Idan wa'adin da aka ƙayyade ya wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Tun 2015 aka sa wa irin wannan ƙara wa'adin shekara 6, saboda haka masu tsofaffin takardu a ƙasan akwati su fito da su. Ofishin ƙungiya zai karanta wa kowa tasa, ya kuma rubuta masa wasiƙar kyauta.