Bayan An Kashe Gobara: Ina Makomar Yaran Da Suka Tsira Da Ƙuna?

Idan masu karatu ba su manta ba, a watan Afrilun shekarar 2021 gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a birnin Yamai, inda yara kimanin 20 suka rasa rayukansu a cikin azuzuwan zana. Ba a gama share hawaye ba sai ga wata a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, ita ma a azuzuwan zana, ta ci yara fiye da 20 'yan shekara 5 zuwa 6, aka kwashi wasu fiye da 10 zuwa asibiti. An yi zaman makoki, manya sun kai gaisuwa, gwamnatin wancan lokaci kuma ta hana sanya yaran da ba su isa shiga firamare ba a cikin irin waɗannan azuzuwa.

To amma abin tambaya a nan shi ne, ina labarin waɗanda suka tsira? Shin yatsunsu na riƙe alƙalami? Shin sun koma lakwal? Al'adarmu ce idan gobara ta auku a ƙirga gawa, a ƙiyasta dukiya, wanda ya rayu kuwa a ce Allah Ya kiyaye gaba, shi ke nan an rufe babinsa. Alhali ga yaron da ya ƙone, ranar da aka sallame shi daga asibiti ita ce ranar da doguwar jinya take farawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kimanin 180,000 duk shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta da masu tasowa, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka suna mutuwa da ita fiye da ninki biyu na takwarorinsu a duniya baki ɗaya. A shekarar 2004 kaɗai, in ji hukumar, kusan mutum miliyan 11 ne suka ƙone har ta kai su ga neman magani. Wato waɗanda ke rayuwa da tabo sun ninka waɗanda ke mutuwa sau da dama.

Yawancin wannan ƙuna ba ta shiga rediyo. Mu ɗauki Kelle, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, ƙasar duwatsun Kutus, inda noma da kiwo da cin kasuwa su ne rayuwar jama'a. A nan, kamar sauran karkararmu, murhu duwatsu uku ne a ƙasa, daidai tsayin yaro mai rarrafe. Tukunyar kunu, ruwan wankan jego, kaskon wuta da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, tokar da ake zaton ta huce, fitila kusa da gidan sauro, kwalbar fetur da aka ajiye a lungu, kowanne tarko ne. Ranar kasuwa kuwa mai ƙosai da mai waina da mai awara suna zaune gaban mai yana tafasa, goyo a baya, wani yaron na wasa a gefe. Akwai kuma masu farfaɗiya da kan faɗa wuta, da jariran da ake kara wa ƙafa a wuta idan suna jijjiga, da nufin wai a farfaɗo da su. Fatar yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, saboda haka ruwan zafin da zai yi wa babba bororo kawai, yaro cinye masa fata yake yi har ƙasa.

Me ke faruwa bayan gyambo ya rufe? Likitoci sun tabbatar cewa ƙunar da ta warke cikin mako 2 ba kasafai take barin mugun tabo ba, amma wadda ta haura mako 3 ba ta rufe ba, galibi tabo mai tauri da tudu take bari, kuma baƙar fata ta fi saurin yin irin wannan tabon. Shi tabo ɗabi'arsa ce ya riƙa tsukewa yana jan fatar da ke kewaye da shi, har tsawon shekara 1 zuwa 2 kafin ya nuna ya tsaya. Idan ya faɗo kan gaɓa, sai ya ɗaure ta. Daga nan ne ake samun yatsun da suka dunƙule cikin tafin hannu, da haɓar da ta manne da ƙirji, da dantsen da ya haɗe da hammata, da gwiwar da ta ƙi miƙewa, da fatar idon da ba ta rufuwa. Yaro mai jin zafi lanƙwashe gaɓar yake yi domin ya sami sauƙi, uwa kuma don tausayi sai ta ƙyale shi, a haka tabon zai kama ta.

Wani abin da ya bambanta yaro da babba shi ne, yaro yana girma amma tabo ba ya bin sa. Ƙashi na ƙara tsawo, tabo na riƙe da shi kamar igiya, har ƙashin ya karkace. Wannan ne dalilin da ya sa yaron da aka yi wa aiki yana ɗan shekara 4 kan buƙaci wani aikin yana ɗan shekara 9, wataƙila da wani idan ya balaga. Yarinyar da ta ƙone a ƙirji tana ƙarama, matsalarta ba ta bayyana sai lokacin da ta fara zama budurwa. Iyaye da yawa ba a gaya musu haka ba, shi ya sa idan abin ya dawo sai su ɗauka aikin farko ne bai yi kyau ba, su yanke ƙauna.

Ban da wannan, fatar da ta ƙone sosai ba ta yin gumi, ga bushewa ga ƙaiƙayin da kan hana barci wata da watanni. Duk wanda ya san zafin bazara a ƙasar Gure ya san abin da hakan ke nufi ga yaron da za a tura kiwo ko ɗiban ruwa. Binciken da aka yi a asibitin yara masu ƙuna na Galveston a Amurka ya nuna cewa bayan babbar ƙuna jikin yaro yakan ci gaba da cinye abinci da tsoka fiye da ƙima har shekara 2 ko fiye, girmansa kuma ya ja baya. Idan haka take a inda abinci ya wadata, ina ga ƙasar da tamowa ke kwantar da yara duk damina? Har ila yau, tsohon tabon da ke yawan fashewa yana ƙin warkewa yakan rikiɗe ya zama ciwon daji bayan shekaru 20 ko 30. Duk gyambon da ya buɗe a kan tsohon tabo ya ƙi rufewa, a kai shi likita.

Sai kuma ciwon da ido ba ya gani. Yaron da ya ƙone yakan yi ta firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance, ya riƙa tsoron wuta da ruwan wanka. Idan ya fita, sa'o'insa su laƙaba masa suna. Wani ya daina zuwa lakwal da makarantar allo don gudun dariya, wata a ɓoye ta a ɗaki idan an yi baƙi. Idan ta isa aure a yi ta raɗa, idan ta ɗauki talla a ƙi sayen abincinta, alhali tabon ƙuna ba ya yaɗuwa, ba a kuma gadonsa. Masu bincike a ƙasashe da dama sun gano cewa girman tabo kaɗai ba shi ke yanke yadda rayuwar yaro za ta kasance ba. Yadda gida ya karɓe shi, da kwanciyar hankalin mahaifiyarsa, da komawarsa cikin 'yan uwansa yara da wuri, suna da babban tasiri. Saboda haka maigidan da ya ɗora wa matarsa laifi, da dangin miji masu gori, su sani ciwon yaron suke ƙarawa. Uwar da aka karya wa zuciya ba ta iya jinyar shekara 2.

Wani hanzari ba gudu ba, ina maganin yake? Mutumin Kelle zai fara da asibitin karkara da ake kira CSI, a tura shi asibitin gunduma a Gure, daga nan sai babban asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar kilomita kimanin 160 daga Gure. Idan gaɓa ta riga ta ɗaure, akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a shekarar 2010, wanda ke yin aikin sakin irin wannan tabo, sai dai daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1000. Masu hali kan tsallaka Kano, asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Ɗan kasuwa ya fi kowa iya wannan lissafin: kuɗin mota na mutum biyu, abinci, bandeji da magani, sannan ga jarin da ake ci saboda an rufe rumfa. Mai suya da ta yi wata 2 a gefen gadon asibiti, kafin ta dawo jari ya karye, masu sayenta sun koma wajen wata.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta kafa tsarin magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, a shekarar 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin magani da rabi a asibitocin gwamnati. Duka biyun abin yabawa ne. Sai dai asibitoci sun sha kokawa kan jinkirin biyan su kuɗin maganin kyautar, abin da kan sa a rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo. Sannan yaron da ya ƙone yana ɗan shekara 3, lokacin da tabo zai nuna halinsa ya riga ya wuce shekarun kyauta. Babu kuma tsarin da ke biyan kuɗin mota, wanda shi ne ke hana yawancin mutanen karkara komawa ganin likita.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu inda maganar ta dace kamar nan. Abin da ake yi a sa'ar farko da makonnin farko shi ke yanke hukuncin shekarun gaba, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. Da zarar yaro ya ƙone, a cire masa riga da awarwaro da zobe, in dai ba su manne da fata ba, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, ko da buta ce, sauran jikin kuma a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. Ban da ƙanƙara. Ban da ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da gishiri, da baƙin mai, da gashin zomo, da kashin shanu, domin ƙwayoyin cuta suke sa wa gyambo, har da tetanus mai sandarar da jiki, su mayar da ƙaramar ƙuna babba. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi likita. Tafin hannun yaron haɗe da yatsunsa shi ne kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Idan ƙunar ta kai tafi 10, yana buƙatar ƙarin ruwa cikin gaggawa. Idan a fuska ce, ko hannu, ko ƙafa, ko al'aura, ko kan gaɓa, komai ƙanƙantarta ba ta jinyar gida ba ce. Idan mako 2 ya wuce ba ta rufe ba, a tambayi likita batun dashen fata.

Bayan an dawo gida, a riƙa miƙe gaɓar kullum kamar yadda malaman asibiti suka nuna, ko yaron na kuka. A naɗe kowane yatsa daban, kada su manne. Wanda ya ƙone a wuya kada a sa masa matashi. Idan gyambo ya rufe sarai, a riƙa murza tabon da man kaɗanya safe da yamma, a kare shi daga rana, a ƙara wa yaron wake da gyaɗa da nono da ƙwai. Ƙwan da aka saba fasawa a kan gyambo, cikinsa ya fi buƙatarsa.

'Yan uwa mata masu sana'a, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jihar Maraɗi a shekarar 1991, sun nuna wa duniya abin da asusun mata ke iyawa. Me zai hana kowace ƙungiya da kowane adashi a ware wani abu na kuɗin motar jinya, a kuma riƙe wa wadda ke asibiti rumfarta har ta dawo? Shugabannin kasuwa su ma suna da rawar takawa: a keɓe wa masu suya gefe guda, a ɗaga murhu ko a kewaye shi da ɗan gini, a nisanta masu fetur daga masu wuta, a ajiye tulun ruwa kusa da kowane kasko. 'Yan kasuwar da Allah Ya hore wa, sayen yaro ɗaya hannunsa ta hanyar biyan kuɗin tafiyarsa sadaka ce mai gudana.

Su kuma hukumomi, daga shugabannin garin Kelle har zuwa ma'aikatar lafiya, aikinsu a fili yake. A buɗe rajistar yaran da suka ƙone a kowane CSI domin a riƙa bibiyarsu har su girma. A koya wa malaman jinya na karkara ɗaurin miƙe gaɓa da motsa ta, tunda ba kowa zai kai Damagaram ba. A sanya aikin sakin tabo cikin abin da ake yi wa yaro kyauta ko ya wuce shekara 5. A riƙa kawo likitocin fiɗa Gure lokaci zuwa lokaci, maimakon a jira talaka ya nemi Yamai. Malaman lakwal da na allo su tsawata wa masu tsokana, limamai su ja hankalin jama'a kan gori. Azuzuwan zana kuma a ci gaba da maye gurbinsu da gini, kada a jira wata gobarar.

Yaron da aka ceci hannunsa yau, gobe shi ne manomi, shi ne tela, shi ne mai rumfa kusa da taka. Wanda aka yi sakaci da shi kuwa, sau da yawa bara ce ƙarshensa, nauyin kuma kan al'umma yake dawowa. Allah Ya kare mana zuri'a daga wuta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.