Mako Guda, Minti 10,080



Ran nan na dawo daga aikin dare, na tarar da 'yata mai shekara goma ta tasa littafin lissafi a gaba tana hawaye. Na ce me ya faru? Ta ce, "Umma, ni ba ni da kan lissafi." Gabana ya faɗi, domin haka na riƙa faɗa ina yarinya, kuma na san da yawanku kun faɗa. Maganar nan ita ke hana yarinya shiga ajin kimiyya tun kafin ta gwada.

Sai na ba ta lamba ɗaya tak mu yi wasa da ita: 10,080, adadin mintocin da ke cikin mako. Kwana 7 sau awa 24 sau minti 60.

Ke ma gwada da naki yaron. Lambar ta ƙare da sifili, don haka cika ce, ba mara ba, kuma za ta rabu gida 2, gida 5 da gida 10 ba saura. Haɗa alƙalumanta: 1 da 8 sun ba da 9, ke nan 3 da 9 suna raba ta. Tunda 2 da 3 sun shiga, 6 ma ta shiga. Alƙalumanta uku na ƙarshe 080 ne, shi ya sa 4 da 8 suka shiga. In kin raba gida 7 za ki samu 1,440, mintocin kwana guda. Daga 1 har 10 babu wadda ta bar saura. Sai a 11 ta cije, 4 ta rage.

Tubalanta kuwa huɗu ne: 2, 3, 5 da 7, lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Ki ninka 2 sau biyar (32), ki ninka da 9, da 5, da 7, ga 10,080. Lambobi 72 ne ke raba ta daidai, kuma duk lambar da ke ƙasa da ita ba ta kai haka ba. Masanin lissafi ɗan Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya wallafa bincike kan irin waɗannan lambobi a 1915.

A asibiti kullum muna cin moriyarta. Maganin da aka ce a sha duk awa 8 na tsawon mako, sau 21 ke nan. Duk awa 6, sau 28. In kika ga ƙwaya ta rage bayan kwana bakwai, an tsallake wani lokaci. Duk uwar da ta taɓa ƙirga wannan, ta yi lissafi.

'Yar tawa ce da kanta ta gano 12 ma na raba ta, ta samu 840, ta ruga ta nuna wa babanta.

Ga taku jingar: 13 fa, nawa za ta rage? Ki bar yaron ya nemo, ki rubuto mana amsarsa a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.