Akala a hannun kamfani, alhaki a wuyan direba



Kamfanonin Amurka da Jamus da Sin suna ta shelar cewa zamanin mota mai tuƙa kanta ya zo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani tsari da ke cikin yawancin motocin nan: na'ura ta karɓe sitiyari ta bar mutum zaune yana kallo, sa'ar da ta rikice sai ta jefa masa tuƙin cikin ƙiftawar ido, in an yi ɓarna kuma a ce laifinsa ne. Mu a wurinmu wannan zalunci ne, ko da an sa masa rigar fasaha.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata mai shekara 49 da ke tura kekenta tana tsallaka titi, ta rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na'urar ta hango matar sakan 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya shawara: yanzu ta ce mota ce, yanzu ta ce keke ne, yanzu ta ce wani abu ne da ba ta sani ba. Ba a koya mata cewa mutum yana iya tsallakawa a wurin da ba a shata masa ba. Da ta fahimci haɗarin, saura sakan 1.2, an tsara ta ne ta jinkirta taka birki na sakan guda, kuma a cikin wannan sakan ba ta gargaɗi ma'aikaciyar da ke zaune a kujerar direba ba. Birkin gaggawa da kamfanin Volvo ya saka wa motar tun daga masana'anta an kashe shi. Masu sa ido da a da mutum biyu ne, an mayar da su ɗaya.

Gaskiya ne ma'aikaciyar tana duba wayarta, kuma ba mu wanke ta ba. Amma ku dubi yadda aka raba hukunci. A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce babu laifin da za a tuhumi kamfanin da shi. Ita kuwa aka gurfanar da ita, a 2023 ta amsa laifi, aka sa ta ƙarƙashin sa idon kotu na shekara uku. Wanda ya kashe birki, da wanda ya tsara jinkirin, da wanda ya rage ma'aikata, duk sun kwana a gidajensu.

Masu kare kamfanonin za su ce ai an gargaɗi direba ya kula. To, sun san ba zai iya ba. Tun 1983 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Ingila, Lisanne Bainbridge, ta bayyana cewa idan na'ura ta karɓe aiki ta bar wa mutum gadi kawai, hankalinsa zai yi nisa, ƙwarewarsa ta dushe, sannan a neme shi a lokacin da ya fi kowane tsanani. Kamfanin Google ya ga haka da idonsa a 2013, sa'ar da ya ba ma'aikatansa motocin gwaji ya tarar har da mai barci a bayan sitiyari, ya watsar da tsarin miƙa wa mutum tuƙi ana tsakar gudu. Tesla kuwa ya raɗa wa nasa tsarin suna Autopilot, sunan da ke sa mai saye ya saki jiki, har sai da a Disamba 2023 aka sa shi gyara manhajar motoci fiye da miliyan biyu a Amurka, saboda ba ta tabbatar da cewa direba yana kula. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle a sakan na ƙarshe.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware asalin wannan magana. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa idan dabba ta taka wani abu, lamunin yana kan mahayinta ko mai janta ko mai korarta, wato wanda ikonta ke hannunsa. To, a motar da manhaja ke juya sitiyari da taka birki, akala tana hannun wanda ya rubuta manhajar. Wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Kada a ce gyara ba ya yiwuwa. Tsarin Drive Pilot na Mercedes, wanda Jamus ta amince da shi a Disamba 2021 don gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, yana ba direba har sakan 10 ya karɓi tuƙi, in bai amsa ba motar ta rage gudu ta tsaya da kanta. Ko wannan ma, mota a gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 167 a sakan 10. Amma ya nuna cewa mai ƙira yana iya ɗaukar nauyin abin da ya ƙera in doka ta tilasta shi.

Maganar ta shafe mu, domin tsofaffin motocin Amurka da Turai ta tashar jiragen ruwa ta Tema suke shigo mana, kuma da yawa a cikinsu sun riga sun zo da na'urar riƙe layi da birki mai taka kansa. 'Ya'yanmu na zango ne ke tuƙa su, a kan hanyoyin da sau da yawa fentin layinsu ya goge, tsakanin masu talla da awaki da babura. Don haka muna kira ga hukumar ba da lasisin tuƙi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su koyar da iyakar waɗannan na'urori da harshen da direba ke ji. Dillalan motoci su daina yi wa mai saye kirarin cewa mota tana tuƙa kanta. 'Yan majalisa kuma su rubuta a doka, tun kafin motocin da ba su da direba su iso, cewa duk lokacin da na'ura ke riƙe da sitiyari, alhakin na wanda ya ƙera ta ne. Ku kuma direbobinmu, kada hannu ya bar sitiyari don wata fitila ta kunna a gabanku.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.