Buzuzun Sama da Karan Dawa

A watan nan muna so mu yi magana da iyaye a kan wani abu da yawancinmu ke kira wasan banza.

Kwanakin baya wani uba a nan Kinkinau ya zo mana da ƙara. Ya ce ɗansa ba ya jin lissafi, ba shi da aiki sai fere kara da yanka gwangwani yana ƙera motoci. Har ya tattake masa guda biyu. Muka roƙe shi ya ba mu mako huɗu. Muka tara yaron da 'yan ajinsu, muka ce wannan karo jirgin sama za mu yi, amma sai da awo.

Jirgin da muka zaɓa ɗan gida ne. Sunansa Air Beetle, wato kamar a ce buzuzun sama. A nan Kaduna kamfanin AIEP ya harhaɗa shi, aka fito da na farko a 1989, mayaƙan sama na Nijeriya suka sayi guda 60 don koya wa sababbin matuƙa. Asalinsa wani ƙaramin jirgi ne na Amurka mai suna RV-6A, na kamfanin Van's Aircraft, wanda a da akan sayar da shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, mai saye ya haɗa da hannunsa. Mutum biyu yake ɗauka, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ƙafafunsa uku, ɗaya a ƙarƙashin hanci, fikafikansa kuwa a ƙasan jiki suke. Ashe manya ma haɗe-haɗe suke yi, kamar yaranmu.

Ga inda lissafi ya shigo. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike jirgin ƙafa 23 ne, tsawonsa kuma wajen ƙafa 20. Muka ce kowace ƙafa ɗaya ta zama inci ɗaya. Ke nan namu zai ƙanƙance sau 12: faɗinsa inci 23, tsawonsa inci 20. Kowane ɓangare sai an raba awonsa da 12 kafin a sa reza. Yaron nan da aka ce ba ya jin lissafi, shi ne ya riƙa gyara wa 'yan'uwansa rabawa, gama yanzu ya ga amfaninta da idonsa.

Kayan aiki ba su da tsada: busasshen karan dawa, kwali, takarda mai ƙarfi, 'yar waya don ƙafafu, gam, reza da rula. A fara zana jirgin a takarda daidai girmansa, a ɗora kara bisa zanen, sa'an nan a yanka.

Mu ma mun yi kuskure. Don ɗoki, ba mu bar gam ya bushe ba, fiffiken hagu ya karkace. Da aka jefa jirgin sai ya ɗaga hanci, ya juya, ya faɗi. Sauri ya haifi nawa. Muka sake sabon fiffike, muka bar shi ya kwana. Muka kuma koyi auna nauyi: a ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikai, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansu. In wutsiya ta rinjaya, a soka ƙusa a hanci, tun da namu ba shi da inji mai nauyi a gaba. Da muka yi haka, ya sulala a hankali har ya sauka kusa da katanga. Uban yana tsaye yana kallo, bai ce kome ba, amma shi ya ɗauki jirgin zuwa gida.

Iyaye, ba mu ce kowane yaro zai zama injiniya ba. Amma makarantar koyon tuƙin jirgin sama tana nan Zariya tun 1964, kuma masu gyaran jirgi da hannu da awo suke aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kun ga ɗanku ko 'yarku da kara a hannu, kada ku tattake. Ku saya masa rula, ku zauna kusa don kada reza ta yanke shi, ku tambaye shi inci nawa ne.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.